Zazzaɓin maigidana ya ƙi jin magani bayan cizon kaska

Assalamu alaikum Malam. Maigidana yana kiwon awaki da 'yan shanu. Yau kwana 12 ke nan yana fama da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, daga baya busasshen tari ya biyo. Sau biyu ana yi masa gwajin maleriya ba a ga komai ba, duk da haka ya sha maganinta. Da muka koma asibiti aka ce ƙirjinsa ne ya kamu, aka rubuta masa amoksisilin. Ya sha kwana 5, jiki na nan jiya i yau. Kamar mako guda kafin ya kwanta na cire masa kaska a cinya, yanzu wurin ya yi baƙin ɓawo, ga kaluluwa ta fito masa. Wajen wata guda da ya wuce kuma awakinmu biyu suka yi ɓari, shi ya kwashe da hannunsa ya share garken. Ban faɗa wa likita ko ɗaya ba, don maigidan ya ce wa ke zuwa asibiti da zancen kaska. Yanzu mahaifiyarsa da yayansa sun ce maganin asibiti ya gaza, a bar shi a gida. Wani abokinsa kuma ya ce a sayo allura mai ƙarfi a kemis. Ina da cikin wata 5, kuma ni ke jinyarsa. Na rasa ta wa zan bi, ga tsoron kada in ɗauka.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Ku koma asibiti yau, kada ku bari sai gobe. Kuma da kun shiga wurin likita, tun kafin ya ɗauki biro, ki faɗa masa abubuwan nan biyu da kika riƙe a ciki, kaskar da kika cire da ɓarin da awaki suka yi. Ki sa maigida ya nuna masa baƙin ɓawon da kaluluwar. A duk wasiƙarki babu abin da ya kai su nauyi, domin akwai rukunin cututtukan da labarin majiyyaci ne ke fara nuna su tun gwajin jini bai nuna komai ba. Likitan da ya rubuta amoksisilin ya yi aiki ne da abin da aka ba shi, wato zazzaɓi da tari. Da ya ji zancen kaska da ɓarin awaki, da lissafinsa ya sauya.

Kafin komai, ki dubi numfashinsa. Ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya yana kwance. Idan ya kai 30, ko yana haki ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya fara sambatu da ruɗewa, ko ya kasa shan ruwa, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko idonsa ya yi rawaya, to ba zancen layin ganin likita ba ne, sashen gaggawa za ku nufa. Haka nan idan kika ga jini, daga hanci ko dasashi ko a bahaya ko amai. Wannan na ƙarshen ina so ki riƙe shi da kyau, saboda kaskar dabbobi tana ɗauke da wata cuta ta bairos, zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wadda maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, kuma tana bin jinin majiyyaci ta kama mai jinya. Ba kasafai ake samunta ba, amma saboda ita da makamantanta kada a ba shi asfirin ko ibufurofen. Farasitamol ya isa don sauke zafin jiki har ku isa.

Yanzu ga maganar da ta raba kan gidanku, cewa magani ya gaza. Amoksisilin magani ne mai kyau, kuma shi ne daidai ga ƙwayar cutar da ta fi kowace haddasa ciwon huhu a cikin jama'a, wadda ake kira numokokas. Ita takan faɗo wa mutum farat ɗaya da rawar ɗari, da suka a gefen ƙirji idan ya ja numfashi, da kaki mai launin tsatsa. Idan ita ce, aka kuma ba da maganin yadda ya kamata, cikin kwana 2 zuwa 3 ake fara ganin sauƙi. Yadda amoksisilin da danginsa na fenisilin suke aiki shi ne, yawancin bakteriya suna da wani bango mai tauri da ke kewaye da jikinsu, maganin kuma yana hana su gina bangon, sai su fashe su mutu. To akwai waɗanda wannan dabara ba ta kama su. Maikofilasma, mai sa busasshen tari da ke jan makonni, musamman ga matasa, ba ta da bangon ma sam, don haka babu abin da maganin zai rusa. Wasu kuma suna shigewa can cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum su zauna su hayayyafa, inda dangin fenisilin ba sa isa da ƙarfinsu. Lijiyonela tana cikinsu, wadda aka gano bayan ta kwantar da mahalarta wani taro a otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, kuma a tankunan ruwa da na'urorin sanyaya manyan gine-gine take zama. Yawancin cututtukan kaska da na garke da zan yi miki bayaninsu su ma a cikin ƙwayoyin halittar jiki suke ɓuya. Saboda haka idan mutum ya sha amoksisilin kwana 5 bai ji sauƙi ba, wannan kansa bayani ne da likita yake buƙata, don ya rage masa yawan waɗanda yake zargi.

Wannan ne kuma ya sa shawarar abokin nan take da haɗari. Allurar da mutane suke kira mai ƙarfi, mafi yawa seftirayazon ce, ita ma bangon nan take rusawa. 'Yar gida ɗaya ce da maganin da ya riga ya sha. Za a huda shi kwana da kwanaki, kuɗi su tafi, cutar tana cikin ƙwayoyin jikinsa ko gezau. Ƙarfin magani yana ga dacewarsa da ƙwayar cutar, allura ce ko kafso.

Mu zo kan kaskar. Baƙin ɓawo a inda kaska ta ciji mutum, da jan da'ira a kewayensa, ga kaluluwa a kusa, ga zazzaɓi da ciwon kai da ciwon tsoka bayan kwana 5 zuwa 10, wannan siffa ce da duk wanda ya karanci ilimin ƙananan halittu masu sa cuta zai tuna da wata bakteriya mai suna riketsiya. Sunan ya samo asali daga Howard Ricketts, likitan Amurka da ya nuna cewa kaska ce ke yaɗa wani mugun zazzaɓi mai ƙuraje a yankin duwatsun Roki, wanda shi kansa wata cuta daga dangin ce ta kashe shi a birnin Meziko a 1910 yana tsakiyar bincike. Riketsiya idan ta shiga jiki, shimfiɗar cikin jijiyoyin jini take kamawa. Baƙin ɓawon da kika gani fatar da ta mutu ce a inda ƙananan jijiyoyin wurin suka lalace. Ire-irenta da kaska ke yaɗawa suna da yawa, kowace da kaskarta da yankinta. Wadda kaskar shanu mai zane a baya take ɗauka a ƙasashen Afirka kudu da Sahara takan zo da sauƙi, wani lokaci da ɓawo fiye da ɗaya don kaskar kan yi wa mutum taron dangi, kuma da wuya ta yi kisa. Wadda kaskar kare take ɗauka, da aka fara bayyanawa a Tunis a 1910, ta fi zafi, tana fesa ƙuraje har tafin hannu da tafin ƙafa, kuma takan yi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon suga. Ta Amurka ta fi su duka muni. Kafin a sami magani takan kashe kusan mutum 1 cikin 4 ko 5 da ta kama, har yau kuma jinkirin magani ya wuce kwana 5 shi ne babban abin da ke sa a rasa majiyyaci. Dukkansu maganinsu ɗaya ne, doksisaikilin, kuma idan ita ce, zazzaɓin kan sauka cikin kwana 2 ko 3 da fara sha.

Ki duba sauran jikinsa, hammata da matsematsi da bayan gwiwa da cikin gashin kai, ko akwai wani ɓawon. Ki duba ƙuraje, har tafin hannu. A baƙar fata ƙurajen kan ɓuya, sai a wuri mai haske ake ganinsu, wani lokaci ma shafawa za ki yi ki ji su.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ɓarin awakin ne, saboda tarin. Riketsiyar kaskar shanu ba ta cika zuwa da ciwon huhu ba. Wadda ke haɗa garke da huhu ita ce koksiyela, mai haddasa abin da ake kira zazzaɓin Q. Wani likita mai suna Edward Derrick ne ya fara bin diddiginsa a 1935 a tsakanin ma'aikatan mayanka a birnin Brisbane na Ostareliya, ya wallafa bayaninsa a 1937. A daidai wannan zamanin masu bincike a jihar Montana ta Amurka suka ciro ƙwayar daga jikin kaska. Kaska tana zagaya da ita tsakanin dabbobi, amma mutum da wuya ya same ta ta cizo. Shaƙarta yake yi. Akuya ko tunkiya ko saniya mai ɗauke da ita sau da yawa lafiyarta ƙalau a ido, sai ranar haihuwa ko ɓari ta zubar da ƙwayoyin masu ɗimbin yawa a mabiyiya da ruwan haihuwa. Abin ya bushe a ƙasa, ya gauraya da ƙura. Koksiyela tana da wata siffa mai jure zafi da bushewa, tana iya yin watanni a ƙasa da ranta, kuma 'yan ƙwayoyi ƙalilan sun isa su kwantar da ƙato. Wanda ya kwashe ɓari da hannu, ya kuma share garke ƙura na tashi, ya bi ta ƙofar da cutar ta fi shiga. Takan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wanda ya yi daidai da lissafin kwanakin da kika ba ni. Kusan rabin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa ma sanin an yi. Sauran kuwa zazzaɓi ne mai zafi, da ciwon kai mai tsanani wanda sau da yawa ake jin sa a bayan idanu, da gumi, da busasshen tari idan ta sauka a huhu, wasu kuma hanta take taɓawa.

Kada ki ɗauka cutar ƙauye ce ko ta rashin tsafta. Ƙasar Holan, da duk ci gabanta a kiwo da asibitoci, ta yi fama da ɓarkewarta daga 2007 zuwa 2010, aka tabbatar da sama da mutum 4,000 sun kamu. Daga gonakin awakin madara ta fito, iska ta kai ta gidajen mutanen da ko akuya ba su taɓa riƙewa ba, har sai da hukuma ta sa aka kashe dubban awaki masu ciki kafin abin ya lafa. Ki faɗa wa maigida wannan idan kunya ce ta hana shi magana.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi masa, ki kuma kai wa likita amsarta. An taɓa ce masa yana da matsala a bawul ɗin zuciya, ko an taɓa yi masa aikin zuciya ko na jijiya? Mafi yawan masu zazzaɓin Q suna warkewa sarai, amma ga 'yan kaɗan, ƙasa da 5 cikin 100, ƙwayar takan laɓe ta koma ta kama bawul ɗin zuciya bayan watanni ko shekaru, kuma masu tsohuwar matsalar bawul ne ta fi yi wa haka. Idan likita ya san da wannan tun yanzu, zai tsara bibiyar jininsa bayan ya warke.

Ɓarin dabbobi yana kuma kawo wata cutar, burusela, mai zazzaɓin da ke hawa da sauka da gumin dare da ciwon gaɓoɓi da baya. Ta taɓa abin ɓari da shan madarar da ba a tafasa ba ake samunta. Likita zai sa ta a lissafi da zarar ya ji labarin.

Game da gwajin maleriya da ya fito babu komai har sau biyu, ki yarda da shi. Abin gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga wa jini yana da inganci, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya ta gwaji kafin a ba da maganinta. Sai dai maleriya kaɗai yake gani, ba ya cewa komai game da sauran. Ga abin da zan so ki lura da shi: zazzaɓin maigida a tsaye yake tun da ya fara, ko kuwa yakan yi kwana 3 ya sauka kamar an warke, bayan kamar mako ya dawo? Idan mai tafiya da dawowa ne, akwai wata bakteriya mai siffar murɗaɗɗen zare, boreliya, da wata kaska mai laushin jiki take yaɗawa. Ita wannan kaskar a ramukan ɓeraye da tsagar bango take zama, da dare take fitowa, ta sha jini cikin ƙasa da rabin awa ta koma, mutum bai ji ba bai gani ba. Boreliya tana sauya rigar da garkuwar jiki ta gane ta da ita, shi ya sa zazzaɓin ke dawowa. Binciken da aka daɗe ana yi a karkarar Senegal ya nuna tana cikin manyan dalilan zazzaɓi a can, kuma an sha ɗaukarta a matsayin maleriya. Ana iya ganinta a madubin ɗakin gwaji, a irin shafen jinin da ake duba maleriya da shi, muddin an ɗebi jinin lokacin da jiki ke tsananin zafi. 'Yar'uwarta ce ke kawo cutar Laim da aka fi sani a Amurka da Turai, wadda Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayarta a 1982, amma siffar da kika ba ni ba tata ba ce.

Sai tarin fuka. Tarin maigida bai daɗe ba tukuna, amma duk tarin da ya kai mako 2, ko ya zo da rama da gumin dare ko jini a kaki, haƙƙinsa ne a gwada kakin. Tibi, wato tarin fuka, tana kama kimanin mutum miliyan 10 a duniya kowace shekara, tana kashe sama da miliyan 1, amoksisilin kuma ba ya yi mata komai. Akwai na'urar GeneXpert da ke gano ta a kaki cikin kamar awa 2, har ta faɗi ko ƙwayar tana bijire wa babban maganinta. Idan likita ya nemi kaki da hoton ƙirji, kada kowa a gida ya ɗauke shi a matsayin zargi ko abin kunya.

Gane wacce ce daga cikin waɗannan aikin likitan da zai duba shi ne, ya saurari ƙirjinsa, ya auna iskar jininsa, ya ga ɓawon da idonsa. Kuma zai yiwu biyu ne suka haɗu, tunda mai kiwo yana cuɗanya da kaska da ɓari a lokaci guda. Abin da nake so ki shirya masa shi ne, gwajin waɗannan cututtuka ba ya sauri. Riketsiya da koksiyela ba sa tsirowa a farantin da ake shuka sauran bakteriya a ɗakin gwaji, sai a cikin ƙwayoyin halitta masu rai, a ɗakuna na musamman masu tsaro. Gwajin da aka fi yi yana neman martanin garkuwar jiki ne, shi kuma martanin ba ya bayyana sai an shiga mako na biyu, wani lokaci na uku, kuma tabbaci na zuwa ne idan an sake ɗibar jini bayan makonni an ga ya ƙaru. Inda ake da na'urar gano ƙwayar gadon bakteriya, ana iya goge ƙarƙashin ɓawon nan a gwada, don haka kada ku ɓamɓare shi, kada ku shafa masa komai. Saboda wannan jinkirin, ƙa'idar da likitoci suke bi a duniya ita ce idan labari da alamomi sun nuna riketsiya ko zazzaɓin Q, a fara magani nan take ba tare da jiran sakamako ba. Idan kuma aka yi masa gwajin taifot na Widal aka ce ya nuna, ki sani gwaji ɗaya irin wannan yana yawan nuna abin da babu, kada ya sa a manta da kaska da awaki.

Na san abin da zai zo wa wani a gidan idan ya karanta wannan: tunda an ambaci doksisaikilin, a je kemis a sayo. Ina roƙonki da ki tsaya tsayin daka ki hana. Maganin ɗaya ne, amma tsawon shansa ya bambanta nesa ba kusa ba. Riketsiya kamar mako guda ne. Zazzaɓin Q kwana 14. Burusela sai an haɗa shi da wani maganin an sha aƙalla mako 6, idan aka sha shi kaɗai na 'yan kwanaki zazzaɓin zai kwanta ya sake tashi, wataƙila a ƙashin baya. Wanda ya kama bawul ɗin zuciya kuwa aƙalla wata 18 ne da magani biyu. Idan boreliya ce, awanni kaɗan bayan shan farko jiki kan rikice da rawar ɗari da faɗuwar hawan jini saboda mutuwar ƙwayoyin a lokaci ɗaya, shi ya sa ake son a fara a gaban ma'aikatan lafiya. Haka kuma kada a karɓi sifurofuloksasin ko lebofuloksasin daga hannun kowa don tari kafin a gwada kaki, domin suna danne tarin fuka kaɗan, mutum ya ji dama-dama, gwaji ya rikice, cutar ta sami lokacin yin jijiya.

Idan likita ya rubuta doksisaikilin, maigida ya sha da cikakken kofin ruwa yana zaune, kada ya kwanta sai bayan rabin awa, don idan ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. A raba shi da madara da maganin ƙwannafi da ƙwayar ƙarin jini da awa 2 zuwa 3, saboda suna hana shi shiga jini. Ya rage zama a rana. Ya kuma shanye adadin da aka rubuta ko da ya miƙe a kwana na uku.

Yanzu ke. Ki kwantar da hankalinki ta gefe ɗaya: riketsiyar kaska ba ta tashi daga mutum zuwa mutum, sai ta cizon kaskar. Zazzaɓin Q ma da ƙyar ake samun wanda ya ɗauka daga majiyyaci. Muddin ba ki ga jinin da na ambata a baya ba, jinyar mijinki, ba shi abinci, zama kusa da shi, duk ba su ne abin tsoro ba. Har a san matsayin tarin dai, ku buɗe tagogi, ya riƙa rufe baki idan zai yi tari, ki wanke hannu da sabulu. Inda haɗarinki yake shi ne garken, da kayan da ya sa ranar da ya kwashe ɓarin. Koksiyela tana son mabiyiyar mace kamar yadda take son ta akuya, tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci ko jariri marar nauyi, kuma mai ciki takan kamu ba tare da ta ji ciwo sosai ba. Daga yau har ki haihu, kada ki shiga garken, kada ki share shi, kada ki taɓa dabbar da ta haihu ko ta yi ɓari, kada ki kakkaɓe kayan aikinsa. Madara kuma sai an tafasa. Ki je wurin awo a cikin makon nan, ko da ranarki ba ta yi ba, ki faɗa musu duk abin da kika faɗa mini. Idan kika ji zazzaɓi, ko mara ta murɗa, ko kika ga jini, a ranar za ki je. Kuma ko kusa kada ki sha maganin maigida. Doksisaikilin ba shi ake fara zaɓa wa mai ciki ba, akwai wanda ake ba ta a madadinsa, kuma likita ne zai auna.

Maganar surukarki da yayansa, ni ban ga mugunta a cikinta ba. Uwa ce ta ga ɗanta ya sha magani iri biyu yana ƙara ramewa, dole zuciyarta ta karaya. Kada ki shiga jayayya da ita kan asibiti da gida, ba za ki ci riba ba, kuma ke ce za ki zauna da su bayan ya warke. Ki same ta cikin ladabi ki ce, Mama, akwai abin da ba mu faɗa wa likita ba, kaska ta cije shi kuma ya taɓa ɓarin awaki, an ce maganin wannan daban ne, a ba mu dama mu koma sau ɗaya. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma ba ta ƙaryata kowa ba. Shi kuma Yaya, ki roƙe shi ya raka ku. Da cikin wata 5 bai kamata ki riƙa tallabar majiyyaci ke kaɗai ba, sannan idan ya ji bayanin likita da kunnensa, shi zai zama mai kare maganar a gida. Maigida kuwa ki gaya masa cewa lafiyar abin da ke cikinki ma tana rataye da a san abin da ke damunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ɗakin likita ke ce kika san kwanakin: ranar ɓari, ranar kaska, ranar da zazzaɓi ya fara, ranar da tari ya shigo. Ki rubuta su a takarda, ki haɗa da kwalayen duk magungunan da ya sha, har wanda ba likita ne ya rubuta ba.

Garken ma yana buƙatar mai duba shi. Awaki biyu su yi ɓari a tsakanin 'yan kwanaki ba abin a wuce ba ne, a kira likitan dabbobi. Nan gaba duk wanda zai taɓa ɓari ko mabiyiya ya sa safar hannu ko leda, ya rufe hanci da baki, a binne abin da zurfi ko a ƙone shi, kada a bar wa karnuka su ja shi cikin gida. A yayyafa ruwa kafin shara don ƙura ta kwanta. A ware dabbar da ta yi ɓari daga sauran, a kuma nemi maganin kaska na dabbobi, har da karen gida idan akwai.

Idan wata kaskar ta sake kama wani, a sa matsefata a kama ta daf da fata, ta wajen kai, a ja a hankali a miƙe ba tare da murɗawa ba, sannan a wanke wurin da sabulu. Kada a ɗiga mata kananzir ko man shafawa, kada a ƙona ta da ashana, kada a murtsuke ta da farce, don abin da ke cikinta shi ne cutar. A rubuta ranar, a sa ido mako biyu, idan zazzaɓi ya zo a faɗa wa likita tun a zuwan farko.